Inda Kajin Madam Hauwa Ke Shan Ruwa

Ran Juma'ar da ta wuce kuka zo ku huɗu kuka zauna a tabarmata, biyu da takardar gama makaranta, biyu da babur, kuka ce in koya muku ba kaji maganin tsutsa. Ban gama buɗe jaka ba ɗayarku ta leƙa ta ce, "Inna Rabi, ashe abin ke nan? Ai gari ne a ruwa." Na ce mata gaskiyarta, gari ne a ruwa, haka ma kunu, amma ba kowa ke damawa a sha ba. Kun ce bakina ya yi muku sauri, in rubuta. To ga shi na rubuta, da hannun da ya fi sanin fiffiken kaza a kan biro.

Daga Damagaram na zo Arlit ina amarya. Maigidana direban motar ma'aikata ne, yana kai su bakin ramin haƙar ma'adinai yana ɗauko su. Ba mu samu gida a site ba, wato unguwar da aka gina wa ma'aikata, mai wuta da famfo. A Bukkoki muka zauna, inda ruwa sai a jarka. Ina da kaji shida, kuma su ne suka haɗa ni da tsoho Agali.

Agali ma'aikacin ofishin dabbobi ne, mutumin Gougaram. Raƙumi da akuya ya sani, sai aka ƙara masa kaji a kan aikinsa. Ya rasa yadda zai yi, domin kaza dukiyar mace ce, tana tsakar gidan matar aure, shi kuwa ko an ce ya shiga ba ya shiga. Da ya ga ba na tsoron kama zakara, ya nemi izinin maigidana, na zama hannunsa. Shekara biyu ina koyon sana'a wurin mutumin da bai taɓa ganin inda nake aikin ba. Yana tsaye a ƙofar gida da rawaninsa, ina ciki, muna magana ta kan katanga. Hausarsa ta Abzin ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa.

"Kai Rabi, ka kama shi kazar?"

"Na kama, Baba."

"Taɓa ƙirji. Ƙashi kamar wuƙa ko kamar bayan cokali?"

"Kamar wuƙa."

"Duba ido. Duba kashi. Duba ƙafa."

"Me zan gani a ƙafa?"

"Ni ne a ciki ko kai?"

Ranar da ya fara yarda da ni, wata mata ta yanka kazar da ta rame, ya ce a miƙo masa hanjin a faranti. A nan bakin ƙofa ya ba ni reza ya ce in tsaga. Na tsaga, ga su nan farare dogaye sun cika hanji, har suna motsi. Ya ce, "Ga wanda ke cin hatsin matar. Kaza ɗan aike ne kawai." Na yi wata guda ban ci taliya ba.

Kayan aikina ba su da yawa, kun gan su. Ƙaramin cokalin awo, wanda ba na ba kowa aro. Gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi da na yi wa zane a daidai lita. Sirinji marar allura, don kazar da ta yi rauni har ba ta iya zuwa wurin kasko, sai a buɗe baki a ɗiga mata a gefe, a hankali, kada ya bi hanyar iska. Sai tsinke. Shi ne kuka yi wa dariya, shi ne kuma babban kayan aikin. Da shi ake tona kashin kaza da sassafe a ƙarƙashin inda suka kwana. Wanda ke ƙyamar durƙusawa da tsinke ya je ya sayar da katin waya, ba abin kunya ba ne.

Yadda ake yi kuwa, da yamma in kaji sun hau makwanci a ɗauke duk wani ruwa. Da safe su sauko da ƙishirwa, su tarar da ruwan magani shi kaɗai. A garin nan ba a barin kaza da ƙishi har rana ta take, in hantsi ya yi a zubar da saura a ba su ruwa mai kyau. Bayan kamar mako biyu a sake, domin shi maganin, uwar tsutsa yake kashewa, ya bar ƙwanta. A share akurki, a kwashe kashin a kai nesa. Ƙwai da nama kuma a haƙura da su har kwanakin da aka rubuta a jikin ledar su cika. Wannan na ƙarshen shi ke haɗa ni faɗa da mutane. Akwai wadda ta kira ni ana gobe sunan jikanta, wai in wanke wa zakara uku ciki don baƙi su ci nama mai tsabta. Na ce ko dai zakarun su sha magani ko baƙi su ci zakarun, ba a haɗa biyun. Ta ce ashe likitar kaji ma tana da iyayi. Akwai masu ninka awo don su nuna wa kaza ƙauna. Akwai masu fasa kafson ciwon mutane, ja da rawaya, su zuba a ruwa. Akwai kuma masu kirana bayan annoba ta shiga, kaji na murɗe wuya suna faɗuwa, su ce in ba da maganin tsutsa. Wannan aikin rigakafi ne, kuma lokacinsa ya wuce.

Abu ɗaya ya daɗe yana ɗaure min kai. Kajin Bukkoki, masu tsince-tsince a bola, ba su cika tsutsa ba. Kajin site kuwa, masu cin dusa da sauran shinkafa, kusan kowace na ɗaga sai in ji ƙirji kamar wuƙa. Na tambayi Agali, ya ce wataƙila tsutsa ma ta san inda ake albashi. Ya yi ritaya ya koma wurin raƙumansa ba mu gano ba.

Gidan Madam Hauwa ne ya koya min. Mutuniyar Tawa ce, mijinta Shef Idi shugaban wata ƙungiyar masu shiga rami a Akokan, nan kusa da Arlit. Mace ce mai tsabta har ta wuce misali, tsakar gidanta da siminti, ana wanke shi kullum. In ta yi magana a taron mata, magana ta zauna. Tana da kaji wajen ashirin, asalinsu daga wata jar kaza da uwarta ta ba ta ranar da za ta taho arewa. Lokacin zafi ne ta aiko a kira ni. Kajin sun rame, ƙwai ya ja baya, zankonsu ya yi fari. Na tona kashi na ga abin da na sani. Na auna magani, na yi mata bayani, na tafi.

Bayan mako biyu na dawo, ba abin da ya canza.

"Madam, kin ɗauke ruwa da yamma?"

"Na ɗauke. Ni da kaina."

"Sun sha na maganin?"

"Ga kaskon nan, ki duba. Rabi ya rage."

Na sake ba su. Na koma na uku da wani magani daban. Kaza biyu suka mutu a tsakani, ɗaya jikar jar kazar nan ce. Ranar wani suna a layinsu, mata sun fi talatin a zaune, ina daga gefe ina cin shinkafata, na ji muryarta. Ba ta ɗaga ta ba, ba ta bukata.

"Ni dai sau ukku munka ba kaji maganin wagga mata. Ban sani ba ko magani na, ko garin rogo."

Aka yi dariya. Kafin mako ya zagayo, sunana a site ya koma Mai Garin Rogo. Gidajen da nake shiga duk wata uku suka fara cewa madam ba ta nan, ina jin muryar madam a ciki. Sana'ar nan ba ta da shago ba ta da allo, sunanki ne shagonki. Na ji zafin abin ƙwarai, har na yi tunanin komawa tuyar ƙosai.

Amma abin da ya fi sunan ci min rai shi ne ban san dalili ba. Maganin nan na ba kajina sun warke. Don haka na cire kunya na koma gidanta, na ce ta bar ni in zo da sassafe in zauna in ga yadda kajin ke sha. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ki zo. Kujera ba ta ƙarewa don an zauna."

Na zo gari na wayewa. Na dama magani da hannuna na ajiye kasko a tsakiyar siminti. Aka buɗe akurki. Kaji suka sauko, suka yi miƙa, biyu suka leƙa kaskon suka ɗan tsoma baki suka girgiza kai. Sauran ko kallo bai ishe su ba. Suka bi gefen katanga ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar ma'aikata za su hau mota, suka shige wani lungu a bayan ɗaki. Can suka fito suna goge baki a ƙasa. Na kama ɗaya na juya ta. A nan na tuna da tsohon da ke bayan katanga yana cewa in duba ƙafa. Laka ce a tsakanin yatsunta, ɗanya, baƙa. A garin da sai a shekara ba a ga ruwan sama na kirki ba, a gidan da aka shafe da siminti.

"Madam, me ke bayan ɗakin can?"

"Ba komi. Ɗakin maigida na. Ya kwana aiki, shina barci."

Dalilin da ban taɓa leƙawa ba ke nan. Baƙuwa ba ta zagayawa bayan ɗakin mijin wata. Na ce ta yi haƙuri ta raka ni. Muka shiga lungun a karkace, don ƙunci gare shi. A jikin tagar akwai kilim, na'urar sanyaya ɗaki irin mai shan ruwa yana hura sanyi, yana ta ruri, yana ɗiga. A ƙarƙashinsa, wurin da siminti bai kai ba, ga wani ɗan lambu na na'a-na'a kore shar, ga kwatami cike da ruwa, ga kashin kaji ko'ina cikin laka. Na sa tsinke na ɗaga ƙasar, kyankyasai suka watse.

A tsaye a wurin na fahimci abin da ya gagare mu ni da Agali. Ranar Arlit tana ƙone ƙwan tsutsa a busasshen yashi, shi ya sa kajin Bukkoki ke samun sauƙi. A duk garin, inda ƙasa ke kwana da laima tana wuni da laima cikin inuwa shi ne ƙarƙashin kilim. Nan kaji ke sha, nan suke kashi, nan suke tono su haɗiye ƙwan tsutsa da ƙwarin da ke ɗauke da shi. Ruwan maganina kuwa ba kaza ke shanye shi ba, rana ce da iska.

"Na tambaye ki ko kin ɗauke ruwa," na ce mata.

"Wanga ai ba ruwa ba na. Na kilim na."

Muna cikin haka labule ya motsa. Shef Idi ya leƙo da idanu jajaye, ya ga matarsa da wata mata riƙe da kaza a kife, a gindin tagarsa.

"Lafiya?"

Na gaishe shi na yi bayani. Na ce ko dai a kashe kilim, ko a tone lambun a zuba siminti. Mutum ne da ya kwana a ƙarƙashin ƙasa ya fito, ga zafin bazara, ga wata daga Bukkoki tana cewa ya zaɓa tsakanin barcinsa da shayinsa saboda kaji.

"Malama," ya ce, "na'a-na'ar nan daga Timia aka kawo min ita. Kajin nan kuwa ban san sunan ko ɗaya ba."

Madam ta ce, "Ƙwansu dai ka san shi."

Ya saki labule. Na ɗauka magana ta mutu. Ashe mutumin rami ne, in aka nuna masa inda ruwa ke zuba ba ya iya barci. Kafin azahar ya sa an yanko rabin tano, gangar ƙarfen nan, ya ɗora ta a kan bulo huɗu, ya kwashe na'a-na'arsa da sabuwar ƙasa ya dasa a ciki, ya ja ɗan tiyo daga kilim zuwa cikinta, ya rufe bakin lungun da ragar waya. Tsohuwar lakar aka kwashe aka zubar a bayan gari. Washegari kaji suka je bakin raga suka yi cirko-cirko, suka gaji, suka dawo suka sha maganina har ƙasan kasko. Kwana biyu bayan haka abin da muka share a akurkin ba na faɗa wa mai cin abinci ba ne. Kafin wata biyu ƙwai ya dawo.

Kuna tsammanin a nan labarin ya yi daɗi. Madam Hauwa ta raka ni har ƙofa, abin da ba ta taɓa yi ba, ta riƙe hannuna ta ce, "Rabi, zancen lungun ga ya tsaya nan." Na gane. Matar da ake misali da tsabtarta ba za ta so a ji akwai kwatami da kyankyasai a bayan ɗakin mijinta ba. Ni kuma Agali ya riga ya gaya min tun ranar farko, abin da ido ya gani a gidan mutane ba ya bin ƙafa ya fita. Na ce ya tsaya.

Ya tsaya ɗin. Duk wata uku tana kirana, ta ba ni shayi mai na'a-na'a, ta tambayi yara. Amma maganar da ta yi a gaban mata ba ta janye ta ba. Waɗansu da suka ga ina shiga gidanta suka dawo da ni, da yawa ba su dawo ba. Gidan da na shiga, na kan nemi a nuna min bayan ɗaki, in gyara abin ba tare da na ce ga inda na koya ba. Sunan kuwa ya bi ni shekaru. Har masu kabu-kabu, in na tsayar da su, sai su ce, "Ina zuwa, Mai Garin Rogo?" ba da mugunta ba, sun ɗauka sunana ke nan.

Sai shekarar 2021 aka rufe ramin Akokan. Kun ga wannan da idonku, ba sai na ja ba. Abin da ba ku gani ba shi ne yadda ta kasance a wurin kaji. Mai tafiya Maradi ko Tawa ba ya ɗaukar kaza ashirin a bayan babbar mota cikin wannan rana. Aka yi ta yanka, aka yi ta kyauta, kasuwa ta cika har ba mai tayawa. Wa zai ba kazar da za a yanka jibi magani? Na yi watanni jakata na rataye a ƙusa. Na koma tuyar ƙosan da na taɓa tunani, a bakin tasha, ina sayar wa mutanen da nake yi wa aiki da, suna jiran motar da za ta fitar da su daga garin.

Ranar da su Madam Hauwa za su tashi ta aiko a kira ni. Na tarar da babbar mota a ƙofa, an ɗaure katifu, matan layin sun taru ana sallama. Kilim ɗin an ciro shi yana kwance a kan kaya. Ta sa aka kawo kwando da kaji huɗu, dukansu jajaye, aka kuma turo rabin tanon nan da na'a-na'arsa. Ta ce nawa ne. Shef Idi ya dubi gangar ya kau da kai.

Sannan ta juya wurin matan.

"Ku saurara. Shekarun baya na hwaɗi magana bisa wagga baiwar Allah wurin suna. Ba gaskiya na hwaɗi ba. Maganinta magani na. Kajina ruwan kilim sunka dinga sha bayan ɗaki, cikin laka da ƙazanta, ita ta gano. Ni na hana ta hwaɗi. Rabi, ki yahe mani."

Na ce na yafe, kuma har zuciyata na yafe. Matan suka yi ta cewa Allah sarki, ashe haka ne, ashe haka ne. Na dube su ɗaya bayan ɗaya. Wannan jibi za ta tafi Damagaram. Waccan ta riga ta sayar da akurkinta. Ta gefenta kajinta na cikin tukunya, guzurin hanya. An wanke min suna tas, a gaban mata ashirin da babu mai kaza ko ɗaya a cikinsu.

Na'a-na'ar tana nan, ita kuka sha a shayi ran Juma'a. Tana kan bulo huɗu, da raga. Jajayen kajin da suka yi ta ratsa tabarmar da kuka zauna jikokin waɗancan ne. Aiki ya ɗan dawo, ba kamar da ba, a Arlit da wurin masu lambu. Tunda mai maganar ta faɗe ta da bakinta, shi ya sa na iya rubuta muku.

Ran Asabar zan je wani gida a bayan kasuwa, mai gidan ta ce sau biyu tana ba da magani bai yi ba. Wanda ke so ya zo, amma gari na wayewa, kuma ya bar babur a gida don yana firgita kaji. Cokali da gora ni zan kawo. Kowa ya zo da tsinkensa.